Anular, Yatsan da Ya Kusa Fasa Aure

A daina cewa Rakiyatu tela taurin kai gare ta. Taurin kan nan shi ya ceci aurenta. Mu 'yan fassara mu muka kusa binne shi!

Ga wanda bai san ta ba, ita ce mai ɗinki a lungun bayan masallacinmu a unguwar New Bell. Daga garin Bamenda ta gudo lokacin da harbe-harbe suka hana buɗe shago, kan keken ɗinki a cinyarta, ƙafafunsa kuwa can aka baro su. Da facin buhuna ta fara a kasuwar Mboppi. Yau sai ka bi layi kafin ta taɓa atamfarka.

Saurayinta Zailani gini yake yi a birnin Bata, can ƙetaren iyaka, ƙasar masu jin Sifaniyanci. An sa rana, an kawo lefe, sai korona ta rufe iyaka, wayarsa kuma ta daina shiga. Ana cikin haka saƙo ya faɗo wayar Rakiyatu daga wata lambar can, da Sifaniyanci. Sunan Zailani kawai muka gane, sai kalma ɗaya da alamar tambaya: anular?

Awalu mai cajin waya ya ce, "Ai Faransanci ne ya sake riga. Annuler! An fasa, ma sœur, 'yar'uwa."

Aka duba Turancinta a waya: cancel, annul, void. Duk soke ne. Kafin la'asar labari ya kai unguwar Nylon. Tsohuwa, gwaggon da ke riƙe da ita, har ta fara jawo akwatuna a mayar.

Rakiyatu ta ce, "Gwaggo, ajiye. Da bakinsa ya ce yana so na, da bakinsa zai fasa."

Ta danna wa lambar kiran bidiyo. Wani dattijo ya ɗauka, yana ta zuba yarensu, sai ya miƙo yatsa ɗaya saitin fuskarmu.

Tsohuwa ta dafe ƙirji. "La'ilaha! An fasa, kuma har da zagi?"

Sai ya ɗauko zobe ya zura a yatsan. Ashe maƙerin azurfa ne! Wayar Zailani ta faɗa kwaɓin siminti, shi ne da ya ba da aikin zoben aure ya bar wa maƙerin lambar Rakiyatu. Anular ɗin nan, bayan soke abu, sunan yatsan zobe ne, na kusa da ƙarami. Awo kawai bawan Allah yake tambaya. Awalu ya ja allon wayar ƙasa, ga ma'anar nan zaune tana kallonmu.

Rakiyatu ta zauna daɓas kan buhun ƙyalle, ta yi dariya har da hawaye. Ta zare tef daga wuyanta ta auna yatsan. Da aka buɗe iyaka zobe ya iso, ango na sanye da shi a ƙaramin yatsa don kar ya ɓata.

To, ku da kuka kai labarin fasawa har Nylon, na ga sunayenku a nan cikin guruf ɗinmu na waya. Ku fito ku faɗa: wa ya koma ya gyara?