Telan da Yake Karya Kumallo Sau Biyu

Shekara ashirin da bakwai ya yi a kan keken ɗinki guda, a wani ɗan shago tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da bokitai. Sai Gobe ake ce masa, don duk wanda ya zo karɓar ɗinki amsar da zai samu ke nan, da murmushi a kai. Mutum ne da bai iya musu ba. Ko ka ce masa kaza na da haƙori, cewa zai yi, "Kai ma ka yi gaskiya."

Ya san awon ƙugun kowa a unguwar, ban da nasa. Zama ya yi zama, tumbi ya yi ta gaba har yana riga hannu isa bakin keke. Ranar da ya sunkuya ɗaukar almakashi ya kasa tasowa, sai da mai bokitai ya kama shi, ranar matarsa ta tisa shi gaba sai asibiti. Likita ta ce ya riƙa tafiyar sassarfa kowace safiya, minti arba'in.

"Baban yara, ba za ka fita da ciki ba komai ba," in ji matarsa da suka dawo. "Mota ma sai da mai take tafiya. In ka faɗi a titi, wa zai ɗaga ka?"

"Kin yi gaskiya," ya ce.

Yana da yaya mace, wadda ta goye shi yana jariri, gidanta kuma yana ƙarshen titi, daidai inda zai riƙa juyowa. Da labari ya kai mata, ta kira shi.

"Auta, kul ka sa wani abu a baki kafin ka fito. In ciki ba komai, jiki kitsen yake ci. In ka ƙoshi kuwa, abincin ne zai ƙone, tumbi ya zauna yana maka dariya. In ka gama ka biyo nan, ni zan ba ka."

"Yaya, kin yi gaskiya."

Haka aka fara. Da sassafe ya sha shayi da burodi da ƙwai biyu a gida, ya fita yana haki, ya isa gidan Yaya ya zauna wa kwanon shinkafa yana yamutsa fuska irin ta mai yunwa. Komawa kuwa a mota yake yi, don ƙafa ba ta ɗaukar abin da ke sama.

Sati biyu, wando ya ƙi rufuwa. Amma ai wanda ke da allura ba ya jin kunyar wando. Ya riƙa kai wandunansa shago ɗaya bayan ɗaya, yana farke ƙugun yana ƙara ƙyalle daga ciki, har ya zarce awo.

"Ka gani ko?" in ji matarsa. "Wando har zamewa yake!"

Yaya kuwa ta gaya wa duk maƙwabta cewa dabararta ta ci.

Ranar komawa asibiti dukansu biyu suka bi shi, kowacce ta zo karɓar yabo. Ya cire takalmi, ya cire agogo, ya fitar da zaren da ke aljihu, ya hau sikeli yana riƙe numfashi. Ya ƙaru da kilo huɗu.

Likita ta gyara tabarau. "Kafin ka fita kake ci, ko bayan ka dawo?"

"Kafin," in ji matarsa.

"Bayan," in ji Yaya.

Matan suka dubi juna, sannan suka dube shi. Shi kuwa ya tsaya a kan sikeli, gumi na bin wuyansa, ya ce a hankali, "Duk kun yi gaskiya."

Sai da likita ta gama dariya ta share ido, sannan ta ce ko kafin ko bayan, duk wanda jikinsa ya karɓa ya isa, amma karin kumallo ɗaya ake yi a rana.

Ya gwada fita da yunwa, ya riƙa ganin fitilun titi bibbiyu. Ya gwada fita a ƙoshe, gefen ciki ya riƙe shi. A ƙarshe ya tsaya kan ayaba ɗaya da ruwa kafin, shayi da rabin burodi bayan.

Da yake an daina yarda da shi, matan biyu suka koma bin bayansa kullum suna gadinsa. A wata huɗu ya sauke kilo shida, yana ɗaure igiyar takalminsa da kansa. Su kuwa hira ta yi musu daɗi, ƙafa ta saba, har suka fi shi sauri. Yanzu in ka fito da safe za ka gan su can gaba suna ta zuba, shi yana baya da tawul a wuya yana kira, "Yaya! Maman yara! Ni fa aka ce in yi tafiyar nan, ku jira ni mana!"