Abin da Inna Ta Kasa Faɗa a Ofishin Saje

Ina aji shida a firamare aka kama Yaya. Damina ce, a shekarun da jirgin ƙasa ke wucewa ta Minna cike da sojoji. Ruwa ya kwana biyu yana zuba, har bangon ɗakin Inna na baya ya zube a gidanmu na Tudun Wada. Babanmu ya rasu tun ina ƙarama, don haka Yaya ne ya aro diga da shebur, ya wuni yana kwaɓa ƙasa cikin yayyafi yana tayar da bangon. A wunin nan kuma wasu suka haƙe bangon wani shagon yadi ta baya, suka kwashe kaya. Da la'asar Yaya ya fita mayar da diga, jikinsa duk taɓo, 'yan sanda suka tare shi a hanya.

Babu wanda ya san aikin da ya yi sai Inna. Ni ina makaranta, maƙwabta kuwa ruwa ya kulle kowa a ɗakinsa.

Yaya ɗan fari ne, Inna kuma tana kunyarsa irin ta matan da. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Tun yaye kakarmu ta ɗauke shi zuwa Gwada, sai da ta rasu ya dawo mana da gemunsa. Inna ɗan tsohuwa take ce masa. In ta kwashe tuwo ni take aikawa da nasa, in ya shigo tsakar gida ta sami abin yi a madafi.

Aka gaya mana maganar tana hannun wani Saje mai gabatar da ƙara, shi ke duba takardu ya ga wanda za a kai gaban majistare da wanda za a sallama. Inna ta yafa mayafi muka tafi, ni ce 'yar rakiya domin ina karanta Turanci.

Ofishin ɗaki ɗaya ne da baranda. Fayil-fayil a ɗaure da igiya sun kai rabin bango, na ƙasa sun sha danshi sun kumbura. A kusurwa aka tara kayan shaida: keke marar sarƙa, buhun gero da ɓera ya huda, adda biyu, sai digar da Yaya ya aro, an ɗaura mata takarda a wuya. Saje ba ya nan, yana kotu. Akawunsa muka tarar, wani saurayi da aka kawo daga nesa, Hausarsa ta bariki ce. Ya saka takarda a tafireta, ya tambayi Inna sunan wanda aka kama. Ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, ta dube ni, na faɗa da muryar da ni kaina da ƙyar na ji.

Ya ce, "Mama, yaro naka ne?"

Inna ta ja bakin mayafi ta rufe baki. Can ta ce, "Ɗan tsohuwa ne."

Ya tambaya ko ta gan shi a ranar. Ta ce ita dai tana ɗaki, ba ta duba ba. Gaskiya ta faɗa, domin ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba, ta dai wuni tana jin ƙarar digarsa a bayan kunnenta. Akawu ya buga abin da ya buga, ya zare takardar ya ajiye a teburi. Daga inda nake tsaye na karanta ta a juye. An rubuta cewa matar ta ce ba ɗanta ba ne, kuma ba ta gan shi a gida ba ranar. Ina kallo ya kama babban yatsan Inna ya dangwala a tawada ya danna a ƙasan takardar.

A hanya Inna tana ta hamdala, wai an gama. Ban gaya mata abin da na karanta ba.

Da yamma na kai wa Yaya abinci inda ake tsare da shi. Sauro ya kumbura masa fuska, taɓon nan ya bushe a wandonsa. Ya tambaya ko Inna ta je, na ce ta je. Ya ce to alhamdu lillahi, ya ce in gaya mata a rufe kan sabon bangon da tabarma kada ruwa ya cinye shi. Wani ɗan sanda a bakin ƙofa ya ce mini ranar Litinin za a kai su kotu, kuma fasa shago ya yi yawa a gari, 'yan kasuwa sun hana kowa sakat, wanda aka samu da laifi sai ya yi shekaru. Ranar nan kuwa Laraba ce.

Washegari na sa kayan makaranta, na wuce makarantar, na je na zauna a bencin barandar ofishin. Na ga Saje: baƙi, gajere, mutumin ƙauyukan kusa, da gicciye ƙarami a wuyansa, Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Mutane suna shiga suna fita, mai kukan an sace masa akuya, mai neman belin ƙaninsa, wata mata da aka fasa wa kai. Duk sanda ya fito sai in miƙe, in ya dubo sai in koma in zauna. Na haddace abin da zan faɗa, na maimaita shi har ya daina ma'ana. Aka tashi aiki, aka sa kwaɗo, na koma gida na kwanta. Inna ta ɗauka zazzaɓi ne, ta jiƙa mini sabara.

Ranar Juma'a ma haka, har hantsi ya yi. Saje ne ya tsaya a kaina da fayil a hammata.

"Malama 'yar boko, benci na gwamnati ne, ko ka saya? Jiya ma na gan ka."

Na fashe da kuka. A cikin kukan na gaya masa, gaba a baya, baya a gaba. Ya sa akawu ya nemo takardar, ya karanta, ya tambaye ni ko Yaya ne babba a ɗakinmu. Na ce shi ne. Ya daɗe yana kallon akawun, sannan ya ce masa shekara nawa zai yi a ƙasar nan kafin ya san mace ba ta amsa ɗan fari. Akawu ya ce shi abin da aka faɗa ya buga. Saje ya ce wannan ma gaskiya ne.

Na ce a zo a ga bangon. Ya ce bango ba zai faɗi wanda ya gina shi ba, ko a wane lokaci. Shi ya yarda da ni, amma majistare takarda zai karanta, kuma yatsan Inna yana kanta. Sai ta dawo ta faɗa da bakinta, da sunan da komai, kafin a tashi sallar Juma'a, don daga nan ba mai buɗe ofis sai Litinin.

Da gudu na isa gida. Inna tana tsince shinkafa. Na gaya mata abin da ta dangwala wa yatsa. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta tambayi me ya sa na yi shiru kwana biyu ba. Ta ajiye faifan a ƙasa, kaji suka hau, ba ta kore su ba.

A ofis Saje ya ba ta kujera, ta ƙi, ta durƙusa. Ya kori mutanen baranda, ya ce akawu ya juya kujerarsa ya fuskanci taga. Ya tambaye ta sunan. Ina jin ladan ya fara kiran farko. Gumi yana bin wuyanta, leɓenta yana motsi ba sauti. Na riƙe gefen zaninta ina cewa Inna, Inna.

Saje ya ce, "Mama, ni ba na iya faɗa maka. In na faɗa, ba shaida ba ne."

Ta juya ta fuskanci tarin fayil ɗin nan, ta ba mu baya duka. Ta faɗi sunan, muryarta kamar ta wata. Ta ce, "Ni na haife shi. Tun safe yana bayan ɗakina, ina jin sa, har la'asar. Sau biyu na ajiye masa ruwa a bakin ƙofa." Tafireta ta yi ta ƙara. Aka sake kama yatsan.

Ba a sake shi ranar ba. Saje ya ce takarda biyu masu karo da juna daga bakin mutum ɗaya, sai ya yi wa majistare bayani da kansa, kuma bai yi mana alkawari ba. Litinin aka ɗaga shari'ar, aka mayar da Yaya gidan wakafi. Na ci gaba da kai abinci. A makaranta aka yi mini bulala saboda fashin kwana biyu, ban faɗi dalili ba. Sai a zama na biyu Saje ya tashi ya ce ya janye ƙarar.

Yaya ya shigo gida da hantsi, ya rame, kansa cike da ƙwarƙwata. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya gaishe ta. Ta amsa daga ciki, ba ta ɗaga labule ba. Da ya tashi ta kira ni, na tarar da ita zaune a bakin gado idonta jawur. Ta ce in ɗora ruwan wanka, in nemo wanzami.