Yadda Fim Ɗin Rawa Ya Jawo Mini Ruwan Tofi

Ko tsufa na yi har na manta sunan jikokina, ba zan manta da makon da ƙawata ta yanke hukuncin cewa na zare ba.

Lokacin muna digiri na biyu, ɗakinmu ɗaya a unguwar Wangsa Maju, can ƙasar waje, ni kuma ranar kare aikina ta matso. Wata Asabar ana tsuga ruwa ta ce in huta, ta samo mana fim na rawar bale, irin wadda ake yi a kan 'yan yatsun ƙafa. Mun ɗauka kiɗa ne da fararen riguna. Ashe labarin wata yarinya ce da son ta fi kowa ya taɓa mata ƙwaƙwalwa. Ta daina cin abinci, tana hira da madubi, tana jin tafi a ɗakin da babu kowa. Ni na kalla na wuce. Ƙawata kuwa tun daga ranar ta sa mini ido.

Laifina kaɗan ne. Ina tsayawa gaban madubi in yi wa kaina tambaya da muryar farfesa, in amsa da tawa, wani lokaci har mu yi gardama. Ran Talata ta shigo ta tarar da ni na yi ɗage a kan yatsu ina lalubo caja a saman kabad.

"Innalillahi! Har rawar kin fara?"

Washegari almakashi ya ɓace, wuƙar albasa ta bi shi, madubi kuma aka lulluɓe shi da zani. Ina cikin masifa sai ga ƙwanƙwasa ƙofa. Wata Anti ce ƙawata ta kirawo daga unguwar Titiwangsa, matar wani ɗan garinmu da ke zaman uwarmu a can, hannu ɗaya gorar ruwan tofi, ɗayan shinkafa da kaza da ta sayo a ƙunshe daga gidan abinci.

"Anti, wallahi lafiyata ƙalau, fim ne ya rikita ƙawata!"

"To na ji, 'yata. Yaushe rabonki da abinci?"

Na shiga lissafi. Shayi da biskit kawai nake iya tunawa. Ta tambayi barci, shi ma na kwana biyu ban yi na kirki ba. Ƙawata ta harɗe hannu tana gyaɗa kai kamar likitar da gwajinta ya fito.

Na sha tofin, na share shinkafar tas, na kwanta da azahar. Sai da suka girgiza ni na yi la'asar. Anti ta tafi da kwamfutata, ta ce sai Juma'a. Ranar kare aikin na shiga gaban malamai da kaina wasai, na kuma yi nasara.

Har yau ina tsokanar ƙawata, ita kuma ta ce ita ta ceto ni. A zuci na san da gaskiyarta. Wanda ya gaji shi ne na ƙarshe da ke sani, don haka yanzu in wani na kusa da ni ya ce in zauna in ci abinci, zama nake yi ba musu.