Turancin Kawu Bawa Mahauci

Duk wanda ya san Kawu Bawa a Ƙofar Kware ya san ba ya sare ƙashi a kan katako sai ya ce wa kansa "gud shot", wato bugu ya yi kyau. Ƙanen mahaifiyata ne, mahauci, tsohon ɗan dambe da bai taɓa zama aji ba. Amma da aka fara raɗe-raɗin Turawa za su tafi, sai ya kafe lallai sai ya koyi Turancin filin wasa.

Wani akawu Bayarabe a Sabon Gari, Adisa, shi ya ɗauki wannan wahala. Ya ce a fara da gaisuwa. Kawu ya ce, "Gaisuwa ina da tawa. Na hili nika so."

Da ya kama "wal don", babu wanda ya tsira. Har limamin unguwa ya samu nasa bayan doguwar ƙira'a.

Liman ya waiwayo ya ce, "Mi kac ce, Bawa?"

"Yabo na, Malam. Haka Nasara ka yi ma wanda yac ci ƙwallo."

Rigima ta tashi ran da aka zo kan "hobi". Adisa ya ce shi ne abin da mutum ke yi don jin daɗi kawai. Kawu ya ce to nasa dambe ne. Adisa ya ce a Turance "boksin" ake cewa.

"Wanga da aka ɗaure ma mutum matashin kai ga hannu? Dambe dambe na."

Mun sha dariya, ba mu san inda ya dosa ba. Shekarar 'yancin kai, wani Baturen makaranta mai sayen nama wurinsa ya zo sallama. Kawu ya goge hannu, ya miƙe, ya ce da Turanci, "Mai hobi is dambe." Sauran Turancin ya gudu ya bar shi. Sai ya naɗe hannun dama da igiyar awaki, ya gyara tsayuwa, tsofai-tsofai da shi. Baturen ya daɗe yana kallo, sannan ya maimaita, "Dambe."

Da yamma Kawu ya ce mini, "Ɗana, ban so su tahi suna cewa su sunka koya muna wasa ba."

Allah ya ji ƙan Kawu Bawa, ya sanyaya masa makwanci, ya yafe mana dariyar da muka yi masa.