Harshen Tamada da Ruwan Kainji

A kan gungu aka haifi Tamada, wato tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, kudu da Yauri. Can ta yi aure, can ta noma albasa har bayanta ya ranƙwafa, can kuma aka binne mijinta da 'ya'yanta uku. Mace ce mai taurin kai, in ta kafe a kan magana sai dai a gaji a ƙyale ta.

A shekarar 1968 aka tare kogin a Kainji, ruwa ya haɗiye gungun. Aka kwashe mutane zuwa gidajen siminti a gaɓar tafki, wajen Wara, gidajen da in rana ta take sai ka ce a tanda kake. Masu auna ƙasa sun auna komai, amma ba wanda ya tambaya ko su wa ke kwance a ƙarƙashin ruwan. Tamada ba ta zubar da hawaye ba. Ta tsaya a gaɓa ta rantse ruwan da ya danne kaburburan 'ya'yanta ba zai bi ta maƙogwaronta ba.

Aka ɗauka zafin rai ne, zai wuce. Da damina ba a ga komai ba, don ruwan sama take tarewa a randuna, da shi take sha, da shi take tuƙa ɗan tuwonta. Rani ne ya tona zancen. Rijiyar garin ta ƙafe, kowa ya koma tafki, randunan Tamada suka yi ƙasa. Sai ta koma kurɓa kaɗan-kaɗan kamar magani, tana cusa garin taba a baki don ta manta ƙishi.

Habsatu, 'yarta ɗaya da ta rage, mai goyon jariri, ita ta lura maganar tsohuwar ta yi nauyi. Harshen ya yi fari fat kamar an shafa kindirmo, baki yana wari. Da ƙyar ta ja ta wurin Ishaya, ma'aikacin ɗakin shan magani.

Ishaya ya duba ya ce, "Inna, wanga hwarin ba sammu ba ne. Baki ya bushe, yawu ya ƙare, datti ya kwanta bisa harshe, taba kuma tana ƙara shi. Ki kankare da asuwaki sahe da marece, ki kurkure da ruwan ɗumi da gishiri, ki aje taba. In ya ƙi tahiya ko ya yi gyambo, a maido ki. Amma babban maganin, ki sha ruwa da yawa."

"Wane ruwa?"

"Ga tabki nan, a tahwasa miki."

"Ko ka tahwasa shi har shi ƙone, ɗana, ba ni sha."

Ta kankare harshe, ta kurkure, har tabar ma ta jefar, don ba ta son a ce ba ta jin magana. Abu ɗayan nan ne ta ƙi. Farin ya dawo, leɓɓa suka tsage, ta soma jiri in ta miƙe. Mutuwa take nema a tsaye, kuma ta sani.

Habsatu ta roƙa, ta yi kuka, ta kai ƙara wurin dattawa, duk a banza. Da ta rasa yadda za ta yi, sai ta kife ƙoƙonta a gaban uwar ta ce, "Inna, in ba ki sha, ni ma ba ni sha."

Tamada ta taɓe baki. Ta manta wadda ta haifa ta gaji taurin kanta. Washegari nono ya ja baya, jariri yana tsotsa yana saki yana tsala ihu. Tsohuwar ta kamo haɓar 'yarta ta ce ta buɗe baki. Ga farin nan ya soma shimfiɗuwa. Tsoro ya kama Tamada, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da ruwa ya shigo ɗakinta.

Ta ce, "Kira mijinki Dogo, shi kawo jirgi."

Dogo ya yi ta tuƙi, tana nuna masa hanya da hannu, har gaɓa ta ɓace musu. Can suka tarar da kan giginya ya leƙo daga ruwa, wadda take ƙofar gidanta a da. Ta riƙe ganyen, ta yi sallama kamar mai shiga gida, ta kira mamatanta da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta tsoma ƙoƙo.

"Ku shaida, ba ruwan gwamnati nika sha ba. Na gidana ne."

Harshen ya warke daga baya, kuma har ta koma ga Allah daga can ake ɗebo mata ruwa, Dogo yana tuƙi yana ƙunƙuni. Amma a ranar, kurɓa ɗaya ta yi da ido a rufe, ta cika ƙoƙon ta miƙa wa Habsatu.

"Karɓi ki sha. Yayyenki ba su hana ki."