Kifayen rijiyar Salaga

Jama'a, wannan abu ni ya faru da ni, wallahi ba ji na yi ba. Shekarun baya ina sana'ar yasar rijiya tare da ƙanena Alhasan, muna zagawa daga Bawku zuwa Yendi, har wani rani aiki ya kai mu gidan wata Hajiya a Salaga.

A rijiyarta akwai 'yan ƙananan kifaye masu zane a gefe, an zuba su don su cinye tsutsar sauro. Kafin mu fara na kwashe su na zuba a daro, na ajiye kusa da ni. Duk wanda ya saba da irin kifin nan ya san idonsa ne ke tuƙa shi. Ka gitta hannu a saman ruwa, nan take ya watse, ka ja tsinke a gefe, ya bi. Abin da bai gani ba kuwa ba ruwansa da shi.

Alhasan ya sauka, igiya a ƙugunsa, ni ina riƙe da ita. Rana tsaka ce, babu gajimare, babu tsuntsu, babu kowa a tsakar gidan sai ni. Kawai sai na ga kifayen sun watse, kamar wani ya sunkuyo a kansu. Suka natsu, suka sake watsewa. A karo na uku kuma duk suka jeru suna juyawa a hankali, suna bin wani abu da ke tafiya daga bayana zuwa bakin rijiyar.

Na ce, "Alhasan, fito."

Ya ce, "Haba Yaya, ko guga biyar ban cika ba, yunwa ce ta fara cinka?"

Na dai dinga jan igiyar har ya fito yana mita. Da ya dafa bakin rijiyar sai ya waiwaya hagu da dama, ya ce, "Ina dogon mutumin da ya leƙo ya tare mini haske? Ai shi ya miƙo hannu yana taɓa igiyar."

La'ilaha illallahu! Sai da muka bar unguwar na gaya masa abin da na gani. Hajiya ma da muka ba ta haƙuri kan barin aikin, ba ta tambaye mu dalili ba, ta ce a rufe rijiyar kawai.

Har yau ban san ko mene ne ba. Amma idan ɗan'uwanka na ƙarƙashin ƙasa, ka ga dabba na kallon inda babu kowa, kada ka tsaya bincike. Ja igiyarka.