Daƙiƙa Casa'in na Baba Sanɗa

Ƙarfe biyu na rana kowace Asabar, Baba Sanɗa yakan tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin ɗaukar shiri, ya sa baƙaƙen kaya. Aikinsa a shirin barkwanci na gidan talabijin daƙiƙa casa'in ne, daga ficewar 'yan wasa a sa talla zuwa lokacin da mawaƙin mako zai buɗe baki. A cikinsu zai janye kujerun wasa, ya turo ganguna da piyano, ya jona wayoyi goma sha huɗu, ya ɓace. Shekara ashirin da shida ke nan, kuma dokar aikin ɗaya ce: in kyamara ta gan ka, ka yi laifi.

Mai ganga na shirinmu ya ba ni labarin ranar da filogin na'urar sauti ya yi zafi ya saki, ana tsakiyar waƙa kai tsaye. Baba ya ja ciki ƙarƙashin dandamali, ya danne filogin da hannu har aka kai ƙarshe. "Ina kiɗa ina jin ƙaurin fatarsa," in ji shi. "Mawaƙiya ta sha tafi, shi ya sha bandeji."

Bana bayansa ya ƙi, likita ya ce ɗaukar kaya ya ƙare. Abu ɗaya ya roƙi darakta, shi ma yana sunne kai: "Ranka ya daɗe, maƙwabta na yi wa mai ɗakina dariya, wai ina mijin nata a talabijin? Ko sau ɗaya ne, ta samu ta nuna ni."

Darakta ya yi alkawarin kiransa gaban kyamara a ƙarshen shirinsa na bankwana. Matar ta tara maƙwabta a falo. Sai waƙa ta ɗebi mawaƙin ranar, ya ƙara baiti biyu, lokaci ya cika, aka sa labarai. Baba na tsaye bayan labule.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri," in ji darakta.

"Ba komai. Ai waƙar ta yi daɗi."

Ya durƙusa da ƙyar ya hau naɗe wayoyi. Ban taɓa jin kunyar sana'armu kamar ran nan ba.

Kai ne ginshiƙi, Baba, mai ɗaukar ɗaki ba a kallonsa. Kai ka goya mawaƙan da a yau ko sunanka ba su sani ba. Mun gode, Allah Ya ba ka lafiya. Masu tasowa, ku ɗauki riƙon amana a wurinsa, amma kada ku ɗauki halin da muka nuna masa.

Ke kuma Inna, ki gaya wa maƙwabta mijinki bai yi ƙarya ba. Duk Asabar ɗin da suka ji waƙa ta fita tas, aikin hannunsa suka sha.